Tambayoyi da Amsoshi Kan Farfaɗo da Tsohuwar Jitar Bes a Kano

Tsohuwar jitar bes (jitar nan mai kaurin murya) mai daraja takan ɓullo a Kano ta hanyoyi kaɗan: cikin kayan gwanjo da aka sauke a Legas, a ɗakin ajiyar wani coci a Sabon Gari, ko a hannun mai situdiyo da kibod ya raba shi da ita tun tuni. Yawancinsu ba mutuwa suka yi ba. Datti, tsatsa da bushewar hunturu ne suka kwantar da su, kuma abin da ke ƙarasa su shi ne gyaran gaggawa. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu saye.

Malam, ta yaya zan gane cewa wadda dillali ya kawo mini ta asali ce?

Kada ka dogara da tambarin da ke kan jitar, domin sitika ce, kowa na iya bugawa. Shaidar gaske tana ɓoye a ciki. Fender ya fito da Precision Bass a 1951, Jazz Bass kuma a 1960, su ne aka fi kwaikwaya a duniya. Daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa 1976 lambar jitar Fender tana kan farantin ƙarfen da ke riƙe wuya ta baya, daga nan ta koma kan jitar. Harafin S a farkon lamba na nufin ƙarshen shekarun 1970, E shekarun 1980, N shekarun 1990, MN kuma ƙirar Meziko ce ta shekarun 1990. In ka ga JV, ƙirar Japan ce ta 1982 zuwa 1984, kuma masu nema suna nemanta ido rufe.

Amma farantin ƙarfe ma ana iya sauya shi da sukuru huɗu. Saboda haka ka nemi izinin kwance wuyan, ka duba gindinsa, galibi akwai kwanan wata da fensir ko hatimi. Sannan ka buɗe wajen wayoyi ka karanta lambar da ke bayan bolum, wato maɓallin ƙara sauti. In ta fara da 137, ƙirar kamfanin CTS ce, kuma abin da ya biyo baya shekara ce da mako: 1377342 na nufin mako na 42 na 1973. In wuya, bolum da lamba suka yi magana ɗaya, ka samu. In kowanne ya kama gabansa, haɗe-haɗe ce, a yi ciniki a kan haka.

Kada kuma ka raina ƙirar Japan don ba a rubuta Fender ba. Tsofaffin Aria Pro II da masana'antar Matsumoku ta ƙera kafin ta rufe a 1987, da Ibanez, Greco, Tokai da Yamaha BB na wancan zamani, da yawansu sun fi wasu na Amurka kyan haɗi. A Ibanez na ƙarshen shekarun 1970 harafin farko wata ne, lambobi biyun da ke biye shekara: A79 Janairun 1979 ke nan.

Lambar an kankare ta. In saya?

A'a. Ba a kankare lamba don ado. Ko mai lamba ce, ka sayi kayanka gaban shaida, a rubuta takarda da lambar jitar a ciki.

Kafin in biya kuɗi, me ya fi muhimmanci in duba?

Wuya. Duk sauran abubuwa ana iya gyara su ko a sauya, amma wuyan da ya murɗe ya kai jitar kabari. Ɗaga ta kamar mai auna bindiga, ka sa ido daga kai zuwa gindi, ka bi gefen hagu sannan gefen dama. Lanƙwasa kaɗan zuwa gaba, kamar baka, ba komai ba ce matuƙar gefen biyu sun yi daidai. In gefe ɗaya ya lanƙwasa ɗayan ya miƙe, ko ka ga kan jitar ya karkace kamar an murɗa tsumma, to ka mayar wa mai ita, sai fa in don kayan jikinta kake so.

Na biyu, ka gwada rodin da ke cikin wuyan, wato sandar ƙarfen da ke riƙe shi a miƙe. Sa makullin da ya dace, ka sassauta shi kaɗan zuwa hagu, ka mayar. In ya motsa da ɗan nauyi, lafiya. In yana juyawa sakaka ba ya kama komai, ko ka ƙwanƙwasa bayan wuyan ka ji abu na kaɗawa a ciki, rodin ya karye ko ya tsinke daga mazauninsa. Wannan aiki ne na ɗaga allon yatsu gaba ɗaya, kuma kuɗinsa na iya haura kuɗin jitar.

Na uku, tsagewa. Layukan da suka yi kamar saƙar gizo a fenti tsufa ne kawai. Tsagar da ta bi jijiyar katako a bayan kai, musamman a ƙirar Gibson mai wuyan mahogani, ita ce abin tsoro. Danna gefenta da yatsa, in ta buɗe baki ta shiga katako. Ka kuma duba ƙananan ramuka masu zubar da gari kamar na tuwo, alamar ƙwaro ne a ciki.

Na saya, na kawo gida. Da me zan fara?

Da haƙuri. Jitar da ta taso daga Turai ko ta kwana biyu a Legas ta sha danshi, Kano kuwa za ta tsotse shi. Ka sassauta tsirkiyoyin kaɗan, ka ajiye ta a ɗaki mai inuwa mako biyu kafin ka taɓa rodi. Duk saitin da ka yi a ranar farko zai rushe da kansa.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ɗauki hoto ta kowace fuska, musamman wayoyin ciki. Kowane rukunin sukuru da ledarsa, da rubutu a jiki. Duk abin da ka cire, ko ya mutu, ka adana, domin ranar sayarwa mataccen bolum na asali yana ƙara mata kuɗi.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba masu kaifin baki, alanki na inci da na milimita duka, filageji irin wanda makanikai ke saita bawul da shi, rula ta ƙarfe mai milimita, mita ta auna wuta, ƙarfen like mai wat 40, dalmar lantarki ta 60/40, ƙaramin magagari, samfefa daga lamba 320 zuwa 1000, da salatif na takarda. Yawancinsu za ka same su tsakanin France Road da kasuwar Sabon Gari. Tsarin aikin kuma: wanki, wuya, firet (ƴan sandunan ƙarfen da ke jere a kan allon yatsu), wayoyi, sabuwar tsirkiya, saiti a ƙarshe.

Da me zan goge dattin shekaru ba tare da na ɓata fentin ba?

Fara gano irin fentin. Har zuwa wajen 1968 Fender na amfani da naitiro, fenti mai sirara da ke narkewa da sauƙi, daga baya aka koma foli, mai kauri kamar gilashi. Ɗiga ruwan goge fentin farce, mai asiton, a kan auduga, ka taɓa wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin farantin gaba. In ya yi danƙo naitiro ne. In bai ji komai ba foli ne.

Kowanne ne, tsumma mai laushi da aka matse daga ruwan ɗumi mai ɗigon sabulu ya isa fara aiki. Dattin da ya daskare kuma, ruwan laita da ake kira nafta yana narkar da shi ba ya cin fenti. Tina, fetur da sifirit kuwa a nesanta su da naitiro. Haka turare: mai kiɗan da ke fesa turare a riga sannan ya rungumi jita zai ga fentin ya yi fari daidai inda ƙirjinsa ke gogawa. Man goge dashbod na mota ma a bar shi, silikon ɗin cikinsa yana shiga tsaga ya hana gam kamawa nan gaba.

Allon yatsu in baƙin katako ne marar fenti, kankare dattin gefen firet da tsohon katin ATM, ka shafa ɗigo biyar ko shida na farin man ma'adinai, irin man shafawar jarirai marar ƙamshi, ka bar shi minti biyar ka goge tas. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Man gyaɗa, man ja da man zaitun suna hamami kuma suna danƙo. Farin allo mai fenti ba ya bukatar mai ko kaɗan.

Fentin ya kokkoɗe. Zan iya kai wa mai fentin mota ya fesa mata sabo?

Jitarka ce, amma ka san abin da za ka yi asara. A kasuwar tsofaffin jita, gogewar da hannu ya yi wa fenti cikin shekara arba'in ita ce shaidar shekarun, kuma dillalai sukan ce sake fenti na rage wajen rabin daraja. Mai fentin mota zai bi ta da samfefa mai kaushi ya cinye gefuna, ya cike ramuka da foti, ya shafe kwanan watan da ke mazaunin wuya, ya kuma tara fenti a wurin har wuyan ya ƙi zama. Ba laifinsa ba ne, aikin ƙarfe ya koya.

In wani ya riga ya yi mata fentin gwangwani tun kafin ta zo hannunka, to babu abin adanawa, a sake. Ko a nan ma a rufe mazaunin wuya da ramukan fikof (maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) da salatif, kuma a bar tambarin kai yadda yake.

Yaya ake saita rodin wuya? Ana ta tsorata ni da shi.

Tsirkiya huɗu na jan wuyan da nauyin da ya kai kimanin kilo 80, rodin shi ke ja da su. Ɗaure jitar a sautinta, E, A, D, G. Danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da kafo (ɗan abin da ake matse tsirkiya da shi a wuya), ko wani ya danne maka, ka danne ta kuma a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama rula. Auna ratar da ke tsakaninta da kan firet na 8 da filageji. Abin nema milimita 0.3 zuwa 0.4, kusan kaurin katin gayyata.

In ratar ta fi haka, juya rodin dama, yadda hannun agogo ke tafiya. In babu rata sam, juya hagu. Kwata ɗin zagaye kawai, ko rabin kwata in jitar ta daɗe a ajiye, sannan ka sake ɗaure sauti, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. Makullin ya zauna daram. Ƙirar Amurka ta zamani galibi inci 3/16 ce, ta Japan milimita 4 ko 5, kuma sa na milimita a ramin inci shi ne hanya mafi sauri ta cinye bakin notin. A tsofaffin Fender notin yana gindin wuya, sai an sassauta tsirkiya an ɗaga wuyan kafin a kai gare shi. Da gajiya, amma haka aka ƙera su.

Gargaɗi na musamman ga wanda ya yi sa'ar Rickenbacker 4001: rodi biyu gare ta, kuma na tsohon yayi ba ya jan wuya da kansa. Sai an sassauta notin, an tanƙwara wuyan da hannu zuwa inda ake so, sannan a ɗaure don ya riƙe. Wanda ya murɗa shi kamar na Fender zai ɓalle allon yatsu daga wuyan.

Rodin ya ƙure, wuyan kuma har yanzu a lanƙwashe.

Tsaya nan, kada ka ƙara ƙarfi. Sassauta tsirkiya, ka kwance notin gaba ɗaya in irin mai fita ne, ka goge kwarkwaronsa, ka shafa ɗan giris. Sau da yawa katakon da notin ke dannawa ne ya lotsa, zaren ya ƙare. Zura washa ɗaya ko biyu masu daidai faɗin ramin, sun dawo maka da zare. Sannan ka ɗora wuyan a kan katako miƙaƙƙe da ƴan tubala biyu a firet na 1 da na ƙarshe, ka matse tsakiya da kilam (matsin kafinta) a hankali har ya miƙe, ka ɗaure notin yana cikin matsi. Ta haka kilam ne ya yi aikin, rodi riƙewa kawai ya yi.

Tun da hunturu ya shigo bakin firet ke yankar mini hannu. Me ya faru?

Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. Masu ƙera jita suna son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55, a Kano kuwa tsakanin Disamba da Fabrairu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Allon ya rage faɗi, bakin firet ya leƙo.

Amfanin abin shi ne in ka gyara a tsakiyar hunturu, lokacin da katakon ya kai ƙarshen tsukewa, ba zai sake dawowa ba. Rufe gefen wuyan da salatif, ka kwantar da magagari mai laushi a tsawon wuyan, ka bi a hankali har ka ji ya daina cin ƙarfe. Sai ka zagaye bakin kowane firet da shafa biyu ko uku na ƙaramin magagari, ka bi da samfefa 600. Kafin ka fara, rufe fikof da salatif, domin maganaɗisunsa zai janyo garin ƙarfen, garin kuma in ya shiga naɗin waya ya gama da shi.

Tana zizar ƙarfe in na kaɗa. Firet ne ko saiti?

Wurin da take yi shi zai gaya maka. Daga firet na 1 zuwa na 5, wuya ya miƙe da yawa, sassauta rodi. Daga na 12 zuwa sama, tsirkiya ta yi ƙasa a birij (ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kai a jikin jitar), ko kuma gindin wuyan ya yi tudu, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin Fender. In a sake kawai take yi, ba ka danna komai ba, ramin ɗan ƙashin da ke kan wuya ya zurfafa. In a firet ɗaya tak ne, na gabansa ya taso.

Don kama mai laifin, ɗora reza ko guntun rula a kan firet uku a jere. In ta yi lilo, na tsakiya ya fi tsayi. Danna bakinsa da katako, in yana motsi sakewa ya yi: ɗiga sufagulu mai ruwa a gefensa, ka matse minti goma, ka goge abin da ya fito nan take. Daidaita firet duka kuwa, a miƙar da wuya sarai, a shafa tawadar maka a kan kowanne, a bi da ƙarfe miƙaƙƙe mai samfefa 320 har makar ta goge ko'ina, sannan a mayar wa kowanne ƙusumbinsa. Wannan kada ka koye shi a kan jita mai tsada. In tsayin firet ya gaza milimita 0.6, babu abin da za a ci kuma, sai sabo.

Tsatsar birij da kunnuwan ɗaure tsirkiya fa?

Kwance su, ka jiƙa masu tsatsa cikin ruwan kal awa biyu zuwa uku, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye da ruwan da aka narkar da bekin soda a ciki, ka busar sosai, ka shafa man keken ɗinki. Masu ruwan zinare ba a jiƙa su, tsumma kawai. Kada ka kai su a goge da injin waya don su yi ƙyalli, dusashewar nan ta dace da shekarun jitar.

Ramin sukurun da ya buɗe, kamar na maɓallin rataya, a cusa masa tsinken sakace biyu da farin gam na kafinta, a bar shi ya kwana. Ramukan wuya huɗu kuwa tsinke ba ya riƙe su, sai a huda a dasa turken katako mai tauri a sake hudawa.

Na jona ta, shiru. Fikof ne ya mutu?

Sau da yawa ba shi ba ne. Fara da kebul, sannan soket: harshensa yakan saki ko ya yi tsatsa, ko notinsa ya kwance ya juya har waya ta tsinke. In waɗannan lafiya, sa kebul, buɗe bolum duka, ka sa mita a ma'aunin ohm na 20k, ka taɓa kan filogi da jikinsa. Precision takan nuna wajen 10k zuwa 11k. Jazz kowane fikof shi kaɗai 7k zuwa 8k, in an buɗe biyun tare wajen rabin haka. Sifili na nufin waya ta haɗu da wayar ƙasa, wato atin, a wani wuri. In lambar ta tsere sama, layin fikof ya yanke.

Ko a nan kada ka yanke ƙauna. Galibi yankewar tana daidai inda siririyar wayar naɗi ta haɗu da wayar fita, a ƴan ramuka biyu na ƙasan fikof. Taɓa kowanne da ƙarfen like da ɗigon sabuwar dalma, daƙiƙa biyu, ka sake aunawa. Ka guji bindigar like mai taransifoma a kusa da fikof, tana iya raunana maganaɗisu. Sannan soson da ke ƙarƙashinsa in ya ruɓe, yanki na sabon soso mai tauri ya maye gurbinsa.

Mai naɗin koyil na fanka zai iya sake naɗa mini shi?

Da wuya. Wayar fikof lamba 42 ce a ma'aunin Amurka, kaurinta wajen milimita 0.06, kamar gashin kai, kuma ana yi mata zagaye dubbai. Wayar fanka ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Zai cika ramin da zagaye kaɗan, fikof ya yi magana amma kamar daga rijiya. In ba a samu wayar da mai injin da ya saba ba, sa sabon fikof mai girman tsohon, ka ajiye na asali.

Bolum na ƙara kamar ana taka tsakuwa.

Ƙurar hunturu ce. Fesa ruwan wanke kayan lantarki ta ɗan tagar da ke jikinsa, ko ka ɗiga sifirit irin na masu gyaran waya a Farm Centre, kana kare fenti da tsumma, ka juya shi sau talatin. WD-40 na yau da kullum yana barin maiƙo mai tara wata ƙurar. In dole sai an sauya, Precision da Jazz marasa batir 250k suke ɗauka, da kafasita 0.047 a ton. Masu batir nasu daban ne, karanta abin da ke jikin tsohon.

Gurnanin nan da ba ya tsayawa, daga ina yake?

Yi gwaji da hannu. In ka taɓa tsirkiya ya ragu, wayoyinka daidai suke, rufin ƙarfe mai kare su daga gurnani ne babu. In taɓa tsirkiya bai canza komai ba amma taɓa soket ya kashe shi, wayar da ke ƙarƙashin birij ta rabu: ɗaga birij ɗin, kankare ƙasansa, baza bakin wayar, mayar. In taɓawa ƙara shi take yi, an juya wayoyin soket.

Jazz Bass kuma halinta ne ta yi gurnani in fikof ɗaya kawai aka buɗe, in an buɗe biyun daidai ya ɓace. Ba ciwo ba ne. Rufi da salatif na jan ƙarfe a ramin wayoyi yana taimakawa, muddin an haɗa shi da ƙasa kuma mita ta tabbatar kowane yanki na taɓa ɗan'uwansa. Takardar alminiyam ba ta kama dalma. Sauran kuma na gida ne: janareta, caja mai araha, regiletan fanka. Juya jikinka a ɗakin, in gurnanin na sauyawa daga iska yake shigowa.

Wani lokaci tsirkiya na ɗan jan hannuna. Haka abin yake?

Ba haka yake ba, kuma wannan ya fi duk abin da ke shafin nan muhimmanci. Tsirkiyar tana haɗe da jikin amfilifaya ta cikin kebul. In gidan ba shi da wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin, ko an karye ƙafa ta uku ta filogi, duk wutar da ta zurara a amfilifaya ta jikinka za ta bi, balle kana tsaye ba takalmi a kan siminti ko leɓenka ya taɓa makirfo. Kashe, ka kira mai wayarin ya kafa atin na gaske. Ka kuma karanta bayan amfilifayar da ta zo tare da jitar: wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, jonawa ɗaya ta isa ta ƙona ta.

Wace tsirkiya zan saya, kuma dafa tsohuwa na aiki?

Auna daga ƙashin wuya zuwa firet na 12, ka ninka biyu. Inci 34 doguwa ce, ita ce gama-gari. Inci 30 gajera ce, kamar Höfner 500/1 da Fender Mustang, kuma tsirkiyarta daban. In ka sa mata doguwa, ɓangaren mai kauri zai hau kunne ya karye. Saiti 45 zuwa 105 shi ne tsaka-tsaki, wuya mai rauni a ba shi 40 zuwa 100. Mai santsi ba ta cin firet kuma tana daɗewa, mai kaushi ta fi tsiwa.

Wajen ɗaurawa, bar santimita 10 bayan kunnen, lanƙwasa kafin ka yanke, ka naɗa zagaye biyu zuwa uku suna gangarowa ƙasa. Dafawa tana fitar da datti, sautin ya dawo na ƴan kwanaki, amma ruwa na shiga ciki ya fara tsatsa. Jiƙawa cikin sifirit kwana ɗaya ta fi.

Ba ni lambobin saitin ƙarshe.

Bayan rodi: tsayin tsirkiya a firet na 12, milimita 2.5 a E, 2.0 a G, na tsakiya su bi ƙusumbin allo. A firet na farko wajen 0.5. Fikof, kana danne da firet na ƙarshe, milimita 3 a gefen E, 2.5 a gefen G. In ya matso da yawa maganaɗisu na jan tsirkiya sautin ya riƙa rawa. In birij ya sauka ƙasa ƙurmus tsirkiya na nan sama, sa siririn kati mai kaurin 0.3 a ƙarshen mazaunin wuya na wajen jiki.

Daga ƙarshe, daidaita tsawo da manhajar saita sauti. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna firet na 12. In na 12 ya haura, ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. In ya gaza, tura shi gaba. Sake ɗaure sauti bayan kowane motsi. A Kano ka sa ran maimaita saitin rodi sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da kuma in damina ta zauna.

Na yi odar kaya, sun zo ba su shiga ba.

Inci da milimita ne. Bolum na Amurka wuyansa inci 3/8, ramin jitar Japan ya fi haka ƙanƙanta, haƙoran da murfi ke kamawa ma ba ɗaya ba ne. Auna komai kafin ka yi oda ko ka aika kasuwar Alaba ta Legas. Kada ka faɗaɗa rami ko ka huda sabo don kaya su shiga, nemo wanda ya dace. Ɗan ƙashin wuya kuwa ba sai an yi oda ba: ƙashin ƙafar saniya daga kwata, a dafa shi, a cire maiƙonsa sarai, a busar a inuwa, a sassaƙa.

Farantin gaba ya tsuke, yana jan sukuru gefe.

Seluloyid ne, haka yake yi da tsufa. In ka cire shi don aiki, ɗaure shi nan take a kan katako da sukurunsa, in ba haka ba kafin kwana biyu ba zai koma ramukansa ba. In ya fara farfashewa yana sa ƙarfen kusa da shi kore, raba shi da jitar. Yana kama wuta da sauri, nesa da ƙarfen like.

Ta mai batir ce, kullum batir ya mutu.

Kebul ne makunninta. Muddin yana soke batir na ci, ko ba a kaɗawa. Zare shi in ka gama, kuma cire batir mai bolt 9 ɗin in za ta yi wata a ajiye, kafin ya zubar ya ci wayoyi.

A ina zan ajiye ta?

Cikin akwatinta, a ɗakin da ba ya kallon rana, nesa da bango mai zafi. But ɗin mota a watan Afrilu yana iya sassauta gam ya tsattsaga fenti cikin yini ɗaya, haka barinta a bayan Adaidaita Sahu cikin rana. Da hunturu, huda murfin robar sabulu, sa soso da aka jiƙa aka matse har ya daina ɗiga, ka ajiye a akwatin kusa da kai, kana sake jiƙawa duk bayan kwana uku ko huɗu. Da damina, musamman Agusta, cire soson ka sa ƴan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Ƙaramin ma'aunin danshi a cikin akwatin zai nuna maka ranar sauyawa. In naitiro ce kuma kana jingine ta a kan mariƙi mai roba, naɗe robar da tsumman auduga, domin roba na cin fentin ta bar baƙin tabo a bayan wuya.